Idon Inna da Taurarin Bayan Dutse

Na sha jin yadda kuke ba da labarin nan a tsakaninku kuna dariya, wai Abba ya ɗauki tsohuwa da ɗanyen aiki a ido ya kai ta daji cikin sanyi don kawai ta kalli sama. Na san inda kuka samo shi. Bakin Gwaggonku Larai ne, ita kuwa Larai tun muna yara in za ta ba da labari sai ta yanke masa kai da ƙafa ta miƙo maka tsakiyar. Ba ta wurin. Mu uku ne a motar nan, ni da Ummanku da Inna, Allah ya jiƙanta da rahama. Tunda Ummanku ta ce ita ba za ta yi jayayya da dangin miji a kan abin da ya wuce ba, to ni bari in faɗa muku yadda aka yi.

A shekarun nan ina Dubai, ina aiki da wani kamfani mai kafa fitilun titi da gyaransu. Ku kuna gida kuna karatu, sai da hutu kuke zuwa, don haka daga ni sai Ummanku a ɗan gidan da muke haya a unguwar Al Muraqqabat da ke Deira, can saman bene, da wata 'yar baranda da ba ta fi a shimfiɗa sallaya biyu ba. Zama ne mai daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Aiki yana tafiya, jiki lafiya, in na sauko daga jirgin ƙasa a Al Rigga da yamma sai in tsaya in sha shayin 'yan Indiya kafin in ƙarasa gida. Abu ɗaya ne yake cin raina, shi ne idon Inna. Yanar ido ce take rufe mata su duka biyun a hankali, har ta kai sai da murya take gane mutum. Na yi roƙon duniya ta zo a yi mata aiki, tana cewa ba mai sa mata wuƙa a ido tana raye. Abin da roƙona bai yi ba, buhun gero ya yi shi. Wata safiya ta fito zaure ta durƙusa ta gaida buhun da aka jingine a bango, tana zaton liman ne ya shigo, har da tambayarsa iyali. Yaran gida suka yi ta dariya har da faɗuwa. Inna ba ta ɗaukar raini, a ranar ta sa aka kira mata ni a waya.

"Kai mai sunan Malam," ta ce, don ba ta taɓa kiran sunana ba, sunan surukinta aka sa min. "Aiko a ɗauke ni. A yanka ɗin."

Da sanyin 2018 ta iso. Likitan wani matashi ne ɗan Indiya mai fara'a, Inna ba ta taɓa kiransa da komai ba sai "yaron nan". Ya ce za a fara da idon dama, in ya warke a yi na hagu. Ya kuma ja min kunne a kan na hagun, ya ce yanar ta yi kauri, in aka ƙyale ta nan da shekara ɗaya ko biyu idon zai rufe ruf, aikin kuma ya ƙara wuya ga mai shekarunta. Aka yi na dama lafiya lau. Washegari da aka cire audugar ta yi ta ƙifta ido, sannan ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Innalillahi! Yaushe ka tsufa haka? Ji furfura!"

Ni dariya, Ummanku kuka, likita yana tambaya me ta ce. Kwanakin da suka biyo baya kamar sallah aka yi a gidan. Ta sa zare a allura da kanta, ta nuna wa Ummanku wani tabon mai a jikin labule wanda mu da muke da ido ba mu taɓa lura da shi ba, ta karɓi faifai ta ce a kawo shinkafa ta tsince, sannan ta yi ta mita wai wace irin shinkafa ce wannan ko tsakuwa ɗaya babu. Na ji daɗi a kwanakin nan irin wanda ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ɗauka an gama, saura kawai a yi ɗayan ta koma gida.

Ku da kuka tashi a birni sai na ɗan yi muku bayani a nan. Akwai wasu ƙananan taurari da suke cure a wuri ɗaya, mu a ƙauyenmu na ƙasar Gumel muna ce musu Kaza da 'ya'yanta. Da sanyi tana fitowa ta gabas bayan magariba. Manoma da ita suke lissafi, in ta fara faɗuwa tare da rana sun san lokacin sharar gona ya yi. Amma a gidan su Inna ma'aunin ido ce. Duk yaron da ya ce yana da ido, sai a ce to ƙirga 'ya'yan Kaza. Yawancin mutane shida suke gani, Inna kuwa tun tana yarinya tana ganin na bakwai, har ta nuna maka inda yake maƙale. Wallahi ta fi alfahari da wannan a kan 'yan kunnenta na zinare. Tun da yana ta kama ta, ba rashin ɗinki ne ya fi damunta ba, rashin ganin Kazar nan ne, ni kuma sam na manta.

Da ido ya yi kwari, wani dare bayan isha'i ta tambayi Ummanku ina ne gabas, ta fita baranda ita kaɗai. Kun san saman Deira da dare. Ba baƙi ba ne, wani ja-ja-ja ne kamar kunun kanwa, ba abin da ke motsi a cikinsa sai jiragen sama. Ta daɗe a tsaye, sannan ta shigo ta wuce ɗaki. Da safe Ummanku ta kawo maganin ɗigawa, Inna ta ture hannunta.

"Yaron nan ya cuce ni."

"Subhanallahi! Inna, me ya faru?" na ce.

"Ya gyara min ganin ƙasa, ya ƙwace min na sama. Jiya na duba, ba Kaza, ba 'ya'yanta, ba komai. A gida da yanar ma ina hango manyan dishi-dishi. Wannan ido kam ya tafi, sai haƙuri. Amma na hagun ba mai taɓa min shi, a bar min shi yadda Allah ya bar shi."

Dariya ta kusa ƙwace min, na danne. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, na ce fitilu ne, hasken garin ne yake tashi sama ya dushe taurarin, kowa ma ba ya ganinsu a nan.

"Fitila a ƙasa, tauraro a sama. Ina ruwan biri da gada? A Kano ba wuta? Ai na kwana a Kano na ga taurari."

"Inna, wutar Kano in an kawo ke nan."

"Kada ka mai da ni yarinya."

Ummanku ta durƙusa ta ce, "Inna, ku yarda da mu. Tun da muka zo garin nan ni ma ban taɓa ganinsu ba."

Inna ta dube ta da sabon idon nan, ta girgiza kai.

"Allah ya yi miki albarka, Saude, kina da tausayi. Amma ni na san wannan magana, ni na koya wa mijinki ita."

A nan na gane inda ta dosa. Lokacin da mahaifina, kakanku, yake ciwon ajalinsa, Inna ce da kanta ta tara mu ta ce duk wanda ya shiga wurinsa ya ce masa likita ya ce gyambon ciki ne, ana samun sauƙi. Haka muka yi har ya cika. Haka ake yi a wurinmu, ba a gaya wa mara lafiya abin da zai karya masa zuciya, kowa sai ya haɗa baki. To yanzu ita ce a kwance, ga ɗanta da matarsa sun haɗa baki suna gaya mata magana mai daɗi. Me zai sa ta yarda? Duk rantsuwar da na yi ƙara tabbatar mata take yi. Na mai da ita wurin likita ya gwada ta da allon nan nasu na gwajin ido, ta nuna komai daidai har layin ƙasa, ta fito ta ce allo a ɗaki yake, ita maganar sama take yi. Ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa. Ta rage cin abinci, ko tuwon da Ummanku ta sha wuyar nemo garinsa sai ta ɗan taɓa ta ture. Ta kira Larai ta ce an lalata mata ido, Larai ta kira ni ta wanke ni tas. Ni kuwa na san abu ɗaya, in Inna ta hau jirgin nan da ido ɗaya, ba buhun geron da zai sake dawo da ita, na hagun kuma rufewa zai yi muna kallo. Tsoro ya kama ni sosai, kuma ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na yi faɗa da Larai, na yi da Ummanku a kan abin da bai kai ya kawo ba, har direbanmu na wurin aiki sai da ya samu rabonsa.

Wata safiya muna karyawa maganar ta fito daga bakina ban shirya mata ba.

"Inna, ki ba ni dare ɗaya. Zan kai ki inda ba fitila. In kin ga Kaza, a yi na hagun. In ba ki gan ta ba, ni da kaina zan raka ki gida, kuma ba zan sake ɗaga miki maganar ido ba har abada."

Ta ajiye kofi. "Ka yi alkawari?"

"Na yi."

"To ba yanzu ba. Wata ya yi girma, ko mai ido huɗu ba zai ƙirga 'ya'yan Kaza a farin wata ba. A bari ya mutu, kada ka ce na zalunce ka."

Kun ji halin Inna ke nan, ko a rigima ba ta cin haƙƙin abokin rigimarta. Da ta tashi, Ummanku ta biyo ni har bakin ƙofa tana magana ƙasa-ƙasa.

"Abban Nafi, ka yi alkawari a kan abin da ba a hannunka yake ba. In aka yi hadari fa? Yanzu lokacinsa ne a ƙasar nan."

"To me kike so in yi?"

"Ba komai. Na dai gaya maka ne don ka san abin da za ka roƙa a sujada."

Muka jira wata ya ƙare, bizar Inna kuma tana ta ƙarewa tare da shi. Ni na zaɓi wurin, kuma da lissafina na ɗan ƙasar Gumel na zaɓe shi. A wurinmu duhu yana inda ba gidaje. To ina ya fi teku rashin gidaje? Ga shi Kaza ta gabas take fitowa. Sai na ce mu tsallaka duwatsu mu je Khor Fakkan, garin da ke bakin tekun gabas, mu tsaya a gaɓa mu ba gari baya, ba abin da zai kasance a gabanmu sai ruwa da sama. Har yaba wa kaina na yi. Ranar Juma'a bayan la'asar muka kama hanya, Ummanku ta cika fulas da shayi, ta ɗauko barguna da tabarma. Sama tas, ba ko ɗigon gajimare, na yi hamdala. Inna tana baya, da muka shiga cikin baƙaƙen duwatsun nan ta ce ko ciyawa babu, ko me awakinsu suke ci. Muka isa ana kiran magariba, muka yi salla a wani masallaci, muka jira isha'i muka yi, sannan na ja mota zuwa bakin ruwa.

Tun kafin in kashe mota na gane na yi kuskure. Ashe tekun gari ne guda. Jiragen ruwa ne jere reras tun daga nan har inda ido ya ƙare, suna jiran shiga tasha, kowanne ya kunna fitilu kamar gidan biki. Tashar kanta tana gefe tana ƙyalli kamar rana. Ga fitilun bakin gaɓa irin waɗanda ni da hannuna nake kafawa, ga yara suna ƙwallo, ga masu gasa nama. Sannan ga wani laima da ke tashi daga ruwan, ya tsaya a sama ya shanye hasken duka ya yi fari fat. Ni da na girma inda ruwa mafi girma shi ne kududdufin bayan gari, ina zan san haka teku yake da dare? Na riƙe hannun Inna muka taka yashi. Ta ɗaga kai ta duba gabas, ta duba tsakiya. Ni da na ƙura ido na hango wasu manya guda biyu ko uku, Kazar kuma sai wani ɗan dusu-dusu da ba zan iya rantsuwa a kansa ba.

"Nan ne wurin?" ta ce.

"Nan ne, Inna, amma..."

"To alhamdulillahi. Ka yi iya yinka, Allah ya yi maka albarka. Mu tafi, sanyi nake ji."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi min sauƙi. Muryarta ce ta karye, don ashe ita ma a ƙasan ranta tana fatan a ce ita ce ba ta da gaskiya. Muka koma mota, na riƙe sitiyari na kasa tayarwa. Ina ji ina gani na sayar da idon mahaifiyata da bakina. Sai Ummanku ta juya baya.

"Inna, ku gafarce ni. Dare ɗaya ya roƙa, ba wuri ɗaya ba. Daren kuwa yanzu aka fara shi."

Inna ta ce, "Haka ne. Dare ya ce."

Ummanku ta zungure ni. "Yalla, mu je, Injiniya. Kai da kullum kake zuwa gida kana mitar hanyar da aka hana ku sa wa fitila, yau ga ranarta."

Wallahi sai a lokacin ta faɗo min. Akwai wata 'yar hanya a bayan duwatsun garin, tana bin wani busasshen kwari zuwa wasu gonakin dabino. Watanni kafin nan mun je mun auna ta, muka yi alamar inda za a kafa turaku, sai aka dakatar da aikin, na yi ta ɓacin rai. Na tayar da mota muka bar gari, muka hau, muka gangara, muka karya kwana. Fitilun titi suka ƙare, kwalta ta ƙare, sai tsakuwa. Dutsen ya shiga tsakaninmu da teku ya tare garin da jiragensa duka. Na sami wani fili na tsaya, na kashe mota, na kashe fitila. Ummanku ta karɓe wayata ta tura ƙarƙashin bargo, ta ce kowa ya rufe ido tukuna. Na buɗe ƙofar baya, Inna ta ce ita ba inda za ta, ta gaji da wahalar da ƙafarta a banza. Ban matsa mata ba, na bar ƙofar a buɗe. Iska mai sanyi busasshiya tana shigowa, irin ta gida. Can sai wata akuya ta yi kuka a kusa, ƙanshin hayaƙin itace da warin garke suka biyo iskar.

"Af," in ji Inna. "Ashe akwai mutane a ƙasar nan."

Ta zuro ƙafa ɗaya, ta zuro ta biyu, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ni ban kalli sama ba, fuskarta nake ƙoƙarin gani a cikin duhun. Ta ɗaga kai. Sai na ji yatsunta sun nutse a kafaɗata.

"La'ilaha illallahu."

Sannan na duba. 'Ya'yana, na yi shekaru ina kafa fitila a ƙasar nan, ban san haka samanta yake ba. Taurari ne birjik, ba masaka tsinke, tun daga kan wannan dutse har kan wancan, kamar ka miƙa hannu ka ɗebo. Ga Kaza can ta hau sosai, ta tattara 'ya'yanta. Inna ta saki kafaɗata, ta sa tafin hannu ta rufe idon hagu, ta nuna sama da ɗaya hannun tana ƙirgawa a hankali kamar mai jan carbi. Da ta kai shida ta tsaya.

"Ga ɗan autan can," ta ce, tana dariya tana kuka. "Ga shi can a maƙale inda na bar shi. Saude, kin gan shi?"

"Wallahi Inna ni shida nake gani."

"Ai dama. Idon 'yan boko."

Daga nan ba wanda ya ce mata ta yi, ita da kanta ta sauke hannun, ta mayar da shi ta rufe idon dama, wanda aka yi wa aiki, ta dubi sama da na hagun da take ta karewa. Ta daɗe a haka. Ta juya kai nan, ta juya can. Sannan ta sauke hannu.

"Ashe wannan ne makahon, ni kuma na zauna ina gadinsa." Ta ja numfashi. "Na ce kun yi min ƙarya, ku yafe min. Kai kuma gobe ka gaya wa yaron nan ya wasa wuƙarsa."

Na durƙusa a kan tsakuwar nan na yi sujada, ban ma san inda alƙibla take ba. Na so mu juya a lokacin, Inna ta ce ba ta san zance ba. Ta sa aka shimfiɗa tabarma ta kwanta rigingine kamar yarinya, ta ce Ummanku ta kwanta kusa da ita, ni kuma in zauna can gefe in zuba shayi. Ta yi ta nuna mata taurari tana ba ta labarin gidansu, da yadda suke kwana a tsakar gida da bazara, da wata ƙawarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Wasu labaran ban taɓa jin su ba sai ranar. Ta kuma waiwayo ta ce min ashe aikin da nake yi a ƙasar mutane ke nan, bin gari ina korar taurari, kuma har biyana ake yi. Na ce Inna da shi na kawo ki. Ta ce to Allah ya yafe mana ni da kai.

Gaskiyar da ke cikin maganar Larai ita ce sanyin ya kama Inna. Mura ta kwantar da ita, tari ya biyo baya, likita ya ce ba zai taɓa idon mai tari ba, sai da aka ɗaga aikin, na yi ta zirga-zirgar ƙara mata kwanakin biza. Larai ta yi watanni ba ta ɗaga wayata. Na karɓi wannan, don bargo biyu ne kawai muka ɗauka, kuma da na matsa da mun tashi da wuri. Amma ban matsa ba, kuma ko yau aka mayar da ni wurin ba zan tashe ta daga tabarmar nan ba. Da tarin ya tafi aka yi na hagun, ya yi kyau kamar ɗan'uwansa. Ta shiga ɗakin aikin da ƙafarta tana tsokanar likita, wai in ya yi da kyau za ta ba shi jikarta.

Ban samu raka ta gida ba saboda aiki, Ummanku ce ta kai ta har ƙauye. Daren da suka isa ina zaune ni kaɗai a barandar nan, ina kallon jan saman Deira, gidan ya yi min faɗi. Sai waya ta yi ƙara. Ina ɗauka na ji hayaniyar yara da kukan tumaki, sannan muryar Inna, da ƙarfi, don ita har ta rasu ba ta yarda waya tana kai magana ba sai an ɗaga murya.

"Mai sunan Malam! Kana jina?"

"Ina jin ki, Inna. Kun sauka lafiya? Ya idon?"

"Ina tsakar gida. Na duba da na dama, na duba da na hagu." Ta yi 'yar dariya. "Suna nan duka. Har sun riga ni isowa."